Yadda Za Ka Ga Adireshin Na'urorin Da Ke Kan Wi-Fi Ɗin Gida

Masu yawan tambaya, ga matakan:

1. Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin gidan.
2. Kashe data. In tana kunne, shafin rauta (na'urar da ke ba da Wi-Fi ɗin) kan ƙi buɗewa.
3. Duba lambar da ke manne a bayan rauta. Yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, MiFi (ƙaramar rautar aljihu) na Huawei kuwa 192.168.8.1.
4. Rubuta lambar a Chrome.
5. Sa suna da kalmar sirrin rautar. Hattara, ba ta Wi-Fi ba, nan mutane ke maƙalewa.
6. Danna "Connected Devices" ko "DHCP Clients".
7. Karanta jerin, kowace na'ura da adireshin IP nata, wato lambar da ake gane ta da ita a kan Wi-Fi ɗin.

Kar ka yi gaggawar toshe baƙon suna, sau tari talabijin ɗinku ne.