Yadda za ka riƙe totur ɗin babban mashin a ƙaramar giya ba tare da yana fizgarka ba

Duk wanda ya saba da Boxer ko Jincheng, ranar da ya fara hawa babban mashin irin su Yamaha R6 ko Honda CBR600RR abin da zai fara tsorata shi fizgar nan ce ta giya ɗaya, ka ɗan murɗa totur ya zabura, ka saki ya dungura gaba kamar an taka birki. Boxer ƙarfin dokinsa bai kai 10 ba, R6 kuwa ya haura 100, kuma a giya ɗaya kaɗai yana wuce kilomita 100 a awa, to ka ga ɗan motsin hannu kaɗan babban abu ne a wajen tayar baya. Ga shi kuma yawancinsu injekta gare su, wato na'urar da ke fesa wa inji mai, ba kafireta ba, in ka rufe totur ruf kwamfutar mashin ɗin tana yanke mai, kana sake buɗewa sai man ya dawo lokaci guda.

Fara da gyara zama tukuna, don wallahi rabin matsalar daga nan take. Kan irin wannan mashin ƙasa-ƙasa yake, shi ya sa sabon shiga yake kifewa ya ɗora duk nauyinsa a hannu, kuma hannun da ke ɗauke da nauyi ba zai taɓa murɗa totur a hankali ba, ko ɗan rami ka faɗa sai ya ƙara wuta ba da saninka ba. Matse tanki da gwiwoyinka, bari ƙugu da ciki su riƙe ka, gwiwar hannu a sake. Wuyan hannun dama kuma ya zama a miƙe, kar ya ɗaga sama, don in ya ɗaga mashin na zabura jikinka zai yi baya ya ƙara janyo totur ɗin.

Sai ka samu fili da ba mutane, da hular kwano da safar hannu. Sa giya ɗaya, ɗaga inji kaɗan sama da silo, wato yadda yake juyawa in ba ka taɓa totur ba, kamar 2,500 zuwa 3,000 a agogon da ke nuna juyin inji, ka bar totur a nan kar ka dinga wasa da shi. Saki kuloci sannu sannu har ka ji ya fara kamawa, to a wannan wajen za ka zauna, in kana son ƙarin gudu ka ɗan ƙara saki in ya yi yawa ka ɗan matse, ƙafar dama kuma tana taka birkin baya kaɗan kaɗan don mashin ya miƙe ya daina rawa. Wasu na tsoron kuloci zai ƙone, yawancin mashinan Japan kulocinsu cikin baƙin mai yake, yana jure wannan in dai ba ihu kake sa injin ba.

Birkin gaba fa, ɗan'uwa ka kiyaye shi a lokacin da kan mashin yake karkace kana tafiya a hankali, kana damƙa za ka ji ka a ƙasa, kuma abu mai kusan kilo 190 ƙafa ɗaya ba ta tare shi. Idonka ya kasance inda kake son zuwa, ba kan tayar gaba ba. Fara da miƙaƙƙiyar tafiya daidai saurin mai tafiya a ƙasa, sannan babban zagaye, kana rage shi a hankali, don kan su ba ya juyawa sosai kamar na Boxer.

A cikin gari ni na fi son a shiga giya biyu da wuri, ta fi laushi nesa ba kusa ba. In mashinka yana da saitin ruwan sama, wato saitin da aka yi don tuƙi a jiƙaƙƙiyar hanya, kunna shi, yana rage zafin totur.

In duk ka yi wannan yana nan yana fizga, duba sarƙa, in ta yi sako-sako dole ya dinga bugawa duk sanda ka buɗe ko ka rufe. Sannan a duba wasan totur, wato ɗan motsin da yake yi kafin inji ya amsa, yawanci tsakanin milimita 2 zuwa 6 ne ya danganta da kamfani, in ya wuce haka bakanike ya ɗaure maka wayar totur.