Yadda za ku shirya zanga-zangar kare kimiyya ba tare da kun ji kunya ba

Kafin ku rubuta kwali ko ɗaya ku zauna ku tsayar da magana, me kuke so a yi takamaimai? "Muna son kimiyya" ba buƙata ba ce, ai ko wanda ya zaftare kuɗin binciken ma zai rantse yana sonta. Ranar 22 ga Afrilu 2017 an yi babban tattakin kimiyya a Washinton da birane sama da 600 a duniya, jama'a sun fito sosai, amma ni dai na Ottawa na Yulin 2012 ya fi burge ni, masanan Kanada suka fito da fararen rigunansu na lab ɗauke da akwatin gawa wai jana'izar hujja suke yi, kuma kowa ya san abun da ya fito da su, gwamnatin Firayim Minista Harper ta rage kuɗin bincike, tana hana masananta magana da 'yan jarida, ga shirin rufe tashar binciken tafkuna a Ontario. Tashar dai ba ta mutu ba, a 2014 wata cibiya mai zaman kanta ta karɓe ta. To irin wannan za ku nema, buƙata ɗaya ko biyu masu suna.

Sai maganar doka, ku duba ko ana buƙatar izini ko sanarwa a inda kuke, ku tsara hanya, ku ware masu kula da layi, lambar lauya a hannun kowa.

Kwalaye nan ne ake zamewa wallahi. Kun fito yaƙi da ƙarya, sai a wayi gari kwalinku ɗauke da lissafin da wani ya tsinto a WhatsApp, shi ke nan, hoton nan za a yi ta yawo da shi har a manta me ya fito da ku. Duk adadin da zai hau kwali mutum biyu su bi shi har inda ya fito, a rubuta majiyar a ƙasa ko da ƙananan baƙi ne. Wanda aka kasa gano asalinsa a bar shi komai daɗinsa.

Masu jawabi kar su zama furofesoshi zalla, ku sa nas mai yin allurar rigakafi, ku sa ɗalibar da aikinta ya tsaya saboda an yanke kuɗi, minti uku-uku, ban da turancin lab. Tutar jam'iyya a bar ta a gida, amma fa wannan ba ya nufin ku ji tsoron kiran sunan wanda ya yanke hukuncin. A Brazil a 2019 shugaban ƙasa Bolsonaro ya ce alƙaluman sare dajin Amazon ƙarya ne, shugaban hukumar binciken sararin samaniya Ricardo Galvão ya tsaya kan bayanan tauraron ɗan'adam, aka sauke shi a Agusta. Don haka ma'aikatan gwamnati a cikinku su karanta ƙa'idar aikinsu tukuna, su zo a lokacin kansu, ba da katin ofis a wuya ba.

Kafin a watse ku karɓi lambobin waɗanda suka yarda, ku kai takardar buƙatun ofishin da abun ya shafa a buga muku hatimin karɓa, sannan ku faɗa wa jama'a ranar da za ku koma jin amsa.