Ƴan tsakin bantam da suka sha hanya: yadda za ka tashe su a kwanakin farko

Duk wanda ya taɓa zuwa tasha karɓar karton na ƴan tsakin bantam ya san faɗuwar gaban da ake ji wajen buɗe shi. Kar, wato motar fasinja, ya taso daga Yamai tun asuba, ya biyo Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kafin ya iso mana nan Tawa an ci kilomita wajen 550, su kuma suna can cikin karton ana ta jijjiga su ba ruwa ba abinci, wani sa'in ma kafin Yamai ɗin sun riga sun kwana bisa wata hanyar. Kana buɗewa sai ka tarar wasu na tsaye suna ta kuka, wasu sun kwanta sun rufe ido kamar rai ya fita. Ɗan uwa kar ka yi saurin zubar da su, da yawa cikin na kwancen nan suna tashi in an bi da su daidai, kuma daidai ɗin shi ne ɗumi da farko, sannan ruwa, abinci daga baya. In ka juya wannan tsari kai da kanka za ka ƙarasa su.

Bantam ƙananan kaji ne, sunan ya fito daga Bantan, wani garin bakin teku a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya, kuma irinsu na da yawa, akwai Sebright, akwai Pekin, akwai Serama ta Maleziya wadda ta fi duka ƙanƙanta. Ƙanƙantar nan ita ce matsalar, jikin ɗan tsakon ba ya riƙe zafi, abin da ɗan tsakon broila zai jure shi ba zai jure ba. Abin da ya sa ma ake iya aiko su daga nesa shi ne kafin ɗan tsako ya fasa ƙwai yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, ita ce guzurinsa na wajen awa 72. To ka lissafa, in an ƙyanƙyashe su shekaranjiya yau suka iso hannunka, guzurin ya kusa ƙarewa ke nan.

Wurin kwanansu tun kafin su iso ake gyara shi. Babban karton ko baho ya isa, ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi, ka rufe samansa da tsohon tawul ko tsumma mai kaushi na kwana uku na farko don kar su ɗauka abinci ne su cika ciki da shi. Ban da jarida, ban da leda, santsi gare su. Ka rataya ampul irin mai zafin nan a gefe guda, ba tsakiya ba, yadda wanda zafi ya dama zai samu inda zai gudu. Waɗannan ampul na LED haske kawai gare su ba sa ɗumama komai, na ga wanda ya kwana da su yana cewa ai ya sa wuta. Satin farko ana son digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin bayansu. In ba ka da termometir su da kansu za su gaya maka: sun dunƙule ƙarƙashin ampul suna hawan juna suna kuka mai ƙarfi, sanyi ne, sun watse can gefe baki buɗe fukafukai a sake, zafi ya yi yawa, sun bazu ko'ina wasu na barci wasu na tsattsaga suna ɗan kuka a hankali, to ka dace.

Nan garinmu sai ka duba lokaci. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin dare da iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa su ne masu kisa. Amma Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40, ɗakin kwano shi kansa ya fi ƙarfinsu, ka kashe ampul da rana ka kai su ɗaki mafi sanyi a gidan, kar dai ka saita masu wantilatar kai tsaye, sai can goshin asuba ka duba ko suna son ɗan ɗumi. In kuran, wato lantarki, ya yanke, ka cika bidon da ruwan zafi ka naɗe da tsumma ka ajiye masu su jingina, kana canzawa in ya huce. Masu amfani da gawayi, ku bari ya kama ya yi ja a waje tukuna, a sa cikin tukunyar ƙasa inda ba za su taɓa ba, kuma a bar taga a ɗan buɗe, iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe su, tana kashe mutum ma.

Wanda ka ɗauko ka ji ƙafafunsa sun yi sanyi, kansa na lilo, wannan kar ka ba shi komai tukuna. Sa shi cikin rigarka ya jingina da fatar jikinka, ko ka rufe shi cikin tafin hannu kusa da ampul minti goma sha biyar zuwa ashirin. Za ka ji ya fara motsi, ya fara ɗan kuka, to a lokacin ne zai iya haɗiya.

Ruwan farko mai ɗumi-ɗumi ne, ba na firigo ba, ba na randa mai sanyi ba. Litir ɗaya ka zuba sukari babban cokali uku ka motsa, ko ka sa garin antistres mai bitamin da ake sayarwa wajen masu maganin dabbobi, ka bi awon da ke jikin takardar kar ka ƙara da ka. Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ka tsoma bakin kowane cikin ruwan, ƙarshen bakin kawai ban da hanci, ka sake shi, za ka ga ya ɗaga kai sama yana haɗiya. Ko ɗari ne sai ka yi wa kowa, nan ba wurin gaggawa ba ne. Shi kuwa wanda ba ya iya tsayuwa, ka ɗiga masa ɗigo ɗaya a gefen baki da ɗan yatsa ko tsinken ashana, ka jira ya haɗiye da kansa, ka sake, duk bayan minti ashirin ko talatin. Don Allah kar ka buɗe bakinsa ka tura ruwa da sirinji. Karon farko da aka aiko mani haka na yi, ina ganin taimako nake, huɗu suka mutu a hannuna ruwa na fitowa ta hancinsu, har yau abin na mani ciwo. Ƙofar numfashin kaza tana nan bayan harshe, ruwan da aka tura da ƙarfi huhu yake tafiya.

Ruwan sukarin na yinin farko ne kawai, washegari ka koma ruwa mai tsabta. Kuma abin shan ya zama marar zurfi, murfin gwangwani ko faranti, ka zuba ƴan tsakuwa wankakku a ciki su riƙa sha ta tsakaninsu, domin ɗan tsakon bantam da ya gaji yana iya yin barci da kai cikin ruwa ya nutse, ko ya jiƙe sanyi ya kama shi.

Sai bayan awa biyu ko uku da shan ruwa za ka kawo abinci. Demaraj ake ba su, wato abincin farko na ƴan tsaki, mai furotin wajen kashi 20 cikin ɗari, amma ƙwayarsa ta yi wa bakin bantam girma, ka ɗan daka a turmi ya yi laushi ba har ya koma gari ba. Ka barbaɗa bisa tawul ɗin kana ƙwanƙwasa wurin da yatsa kamar yadda uwa ke yi da baki, ɗaya na fara tsattsaga saura za su bi. Marasa ƙarfi ka dafa ƙwai ya dahu sosai, ka murje gwaiduwar da ɗan ruwa ka shafa masu a gefen baki, abin da ya rage bayan awa ɗaya ka zubar don zafinmu na lalata shi da wuri. Tsakin gero shi kaɗai ba ya riƙe su, abincin kaji masu ƙwai kuma sinadarin kalsiyom ya yi yawa a ciki yana ɓata masu ƙoda. Da dare ka shafa ƙasan wuyansu ta gefen dama inda abinci ke taruwa, in ka ji ɗan ƙullutu mai laushi ya ci ya sha, in wayam ne ka ware shi ka ci gaba da ba shi da hannu. Waɗanda ke mutuwa rana ta uku da ta huɗu yawanci su ne waɗanda ba su taɓa fara ci ba, gwaiduwa ta ƙare ba wanda ya lura. In za ka ware shi ka haɗa shi da wani guda mai sanyin hali, shi kaɗai kuka zai yi ta yi har ya galabaita.

Safe da yamma ka juya kowane ka duba gindinsa. Wahalar hanya na sa kashi ya manne ya bushe ya toshe mafita, in ba a cire ba mutuwa ce. Ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka dafa a wurin har ya yi laushi ya fita da kansa, kar ka fizga, ka busar da shi sosai ka shafa ɗan baselin. A kula, akwai cibiya can ƙasa wajen ciki, wani lokaci da ɗan baƙin abu a jiki, wannan ba kashi ba ne kar a taɓa. Wanda kuma ƙafafunsa suka baje gefe da gefe, ka yanko siririn filasta ka haɗa ƙafafun biyu, ka bar tazara daidai tsayuwarsa, kwana biyu zuwa uku yawanci suna miƙewa in an yi da wuri.

Abin da ba na so shi ne a ruga wajen mai tebur a sayo kapso a fasa masu cikin ruwa tun ranar farko. Gajiya da ƙishi ke damunsu, kapso ba ya maganin wannan. Ka tambayi wanda ya aiko maka wace rigakafi aka yi masu, ka je wa likitan dabbobi da amsar ya tsara maka ranakun rigakafin cututtukan Niyukasal da Gumboro, kuma ba a yi wa ɗan tsakon da ke kwance rigakafi sai ya warware. Kar ka haɗa su da kajin gida ko zabi, ko kwanon ruwa kar su yi tarayya, mu da muka ga murar tsuntsaye ta shigo Magariya a 2006 mun san abin da cuɗanya ke jawowa. Ka wanke hannu kafin ka taɓa su da bayan ka taɓa, yara kuma su kalla da ido, matsa ɗaya ta ƙauna ta isa ta kashe ɗan Serama. Da dare ka rufe saman da waya ko tsohon sange saboda kusu da mussa, ka duba ƙasa ko akwai cinnaka.

In sun kai kwana na biyar kowa na ci yana gudu, ka fara ɗaga ampul sama kaɗan kaɗan, ana rage wajen digiri 3 kowane sati har gashi ya rufe su a sati na biyar ko na shida, bantam wani lokaci sukan ɗan ƙara kwanaki in hunturu ne. Odar gaba kuma ka roƙi mai aikowa ya huda karton ta ko'ina, ya sa a kar na farko, ya ba ka lambar direba, kai ma ka riga motar isa tasha.