Bangaskiya bata hana lissafi: kurakuran da mu Kiristoci muke yi da kudi

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan'uwa idan wata yayi nisa, wai "Ubangiji zai tanada". Gaskiya ne zai tanada, amma sau da yawa ya riga ya tanada din tun ranar da albashi ya shigo, mu ne bamu san inda kudin suka bi ba. Ka tambayi mutum nawa ya kashe a watan da ya wuce sai ya fara kame kame, amma ka tambaye shi ayar albarka yanzun nan zai jero maka biyar.

Wannan rashin rubutawa shine uwar sauran kurakuran. Wasu ma gani suke zama da biro da takarda kamar rashin dogara ga Allah ne. Toh Yesu da kansa a Luka 14:28 ya tambaya waye zai tashi gina hasumiya bai fara zama yayi lissafin abin da zata ci ba, ya kuma ce wanda ya sa tushe ya kasa karasawa ba'a mutane zasuyi masa. Gyaran ba wuya, kwana 30 kacal ka rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, har kudin data da dan abin da ka miqa wa wani a hanya, kar ka canza komai tukuna, rubutawa kawai. Karshen wata zaka sha mamaki, yawanci ba manyan abubuwa ke cinye mutum ba, kananan nan ne da ake cewa "ai ba komai".

Sai masu kin yin ajiya saboda Matiyu 6 yace kada a damu don gobe. Damuwa daban shiri daban. Yusufu bai kwana yana juyi ba, ya dai ba Fir'auna shawara a Farawa 41 a rika ware kashi daya cikin biyar na amfanin kasar Masar a shekaru 7 na koshi, kaga kashi 20 cikin 100 kenan, kuma abin da ya rike kasar kenan da yunwa tazo, har da 'yan'uwansa da suka sayar da shi. Ba lallai ka fara da 20 ba, ko 5 ne ka fara, amma ka cire shi ranar da kudi suka shigo, kar ka jira ragowa don ragowa bata zuwa. Ka nufi tara abin da zai rike gidanka wata 3, in hali yayi wata 6, a wani asusu daban wanda katinsa baya yawo a aljihunka.

Yanzu bari in dan tsaya akan bayarwa, nan ne abin yafi zafi kuma nan ne bama son a taba. Ni ina fitar da zakka kuma bana neman kowa ya daina. Amma akwai masu mayar da baiko kamar caca, an ce ka shuka iri zaka girbi ninki dari, sai mutum ya dauki kudin haya ko kudin makarantar yara ya kai gaba, wani har rance yake ci don yayi alkawari mai girma a ji sunansa. Dan'uwa ka bude 2 Korantiyawa 8:12, ana karbar bayarwa bisa abin da mutum yake dashi ne, ba bisa abin da bashi dashi ba, sura ta 9 kuma ta kara cewa kowa ya bayar yadda ya kudura a zuciyarsa, ba da tilas ba. Kudin rance ba naka bane balle ka bayar. Kuma a Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa dukiyarsu sun kebe wa Allah don su zille wa taimakon iyayensu, 1 Timoti 5:8 ma yafi tsauri, wanda baya kula da mutanen gidansa yafi marar bi muni. Idan kana cikin taro jiki ya dauka ana kiran alkawari, kar ka daga hannu a lokacin, koma gida ka duba takardarka ka yi magana da matarka ko mijinki, Mai Hadishi sura 5 yace gara kar kayi wa'adi da kayi ka kasa cikawa. Hananiya da Safiratu ma, ma'auratan da suka sayar da fili suka boye wani bangare na kudin suka nuna kamar duka suka kawo, ba karancin kudin ne ya kashe su ba, Bitrus ya fada wa Hananiya filin naka ne kudin ma naka ne, karyar ce matsalar. Gardamar ko a cire zakka kafin haraji ko bayan haraji kuwa, ku zauna ku yanke daya ku rike shi, mutane na bata shekaru akan wannan alhali basa fitar da ko daya.

Bashi kuma. Karin Magana 22:7 yace mai cin bashi bawan mai bada bashi ne, kowa ya haddace, amma kadan ne ke lissafa ruwan. Manhajar rance zata rubuta maka kashi 10 a wata sai kaga kamar kadan ne, toh idan ruwan yana hawa kan ruwa baka biya ba, cikin wata 12 bashin ya ninka sau 3 da 'yan kai. Ko kashi 5 a wata ne, a shekara ya kusa karuwa da kashi 80. Kafin ka sa hannu ka tambayi jimillar abin da zaka mayar, ba abin da zaka biya duk wata ba. In kuma ka riga ka nutse, rubuta duka basussukan a shafi daya, ka rika biyan mafi karanci a kowanne, sauran karfin ka zuba akan mai ruwa mafi yawa, wasu sunfi son fara kashe mafi kankanta don su sami karfin gwiwa, shima yayi, muddin ka daina cin sabo. Kuma ka daina kashe waya idan mai binka ya kira, Zabura 37:21 mugu take kiran mai ci baya biya. Labarin gwauruwar nan na 2 Sarakuna 4 yana bani tsoro, mijinta mai tsoron Ubangiji ne, ita da bakinta ta fada wa Elisha, amma ya mutu ya bar bashin da aka zo daukar 'ya'yansa biyu bayi. Da dan man da ke gidanta ya yawaita ta hanyar mu'ujiza abin da Elisha ya fara ce mata shine taje ta sayar ta biya bashin, sannan suci sauran.

Tsayawa wa mutum lamuni, wannan ni na taba kona hannuna. Wani dan'uwa da muke kungiyar mawaka tare ya roke ni in sa masa hannu, naji kunyar cewa a'a, bayan wata hudu ya daina biya ya daina zuwa sujada, ni na karasa biyan. Karin Magana 22:26-27 ya riga ya fada, har gadon da kake kwance akai za'a dauke. Yanzu in na iya ba mutum wani abu kyauta in bashi in manta, in ban iya ba ince ban iya ba.

Sai wadannan harkokin "zuba kudi ka samu kashi 30 duk wata", wadanda suka fi saurin yaduwa a coci saboda wanda ya kawo maka dattijo ne ko shugabar zumunta, kuma shi kansa bai san damfara bace don an biya shi watannin farko. Tsohon salo ne, Charles Ponzi yayi shi a Boston ta Amurka a 1920 da alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, da kudin sababbi yake biyan tsofaffi. Bernie Madoff da aka kama a 2008 shima da yawa daga cikin wadanda ya cuta mutanen da suka amince dashi ne ta hanyar al'ummarsu da kungiyoyin agaji. Kayi lissafi da kanka, kashi 30 duk wata yana nufin kudinka su ninka fiye da sau 20 a shekara, wace sana'a ce ke haka? Tambayi me ake saya me ake sayarwa, wace hukuma ta basu rajista, in amsar ta koma "kai dai ka bada gaskiya" ka rike kudinka. Zuba jari ba zunubi bane, a Matiyu 25:27 an tsawata wa bawan da ya binne talanti, wato kudin da ubangidansa ya bashi, don ko banki bai kai ba, amma Karin Magana 13:11 yace mai tarawa kadan kadan shi ke karuwa.

Abu na karshe da muke gudu shine maganar mutuwa, wai kar a kira wa kai. Miji yana da asusu uku matar bata san ko daya ba, takardun fili suna wajen aboki, sunan magajin da ke kan fansho har yanzu na mahaifinsa ne da ya rasu tuntuni. Ku zauna ku biyu ko da sau daya a wata ku bude komai, har bashin da kake boyewa, ka rubuta wasiyya yadda dokar inda kake ta tanada da shaidu, ka duba sunan da ke kan inshora da fansho, ka kuma nuna wa mutum daya amintacce inda takardun suke.