Yadda na rabu da rigar nono mai cin kafaɗa

Tun da na yaye autana rigar nono ta zame mini ƙaya. Madaurin baya ya haura sama, igiyar kafaɗa ta bar mini shata, ga zafin Kano. Kullum 38B nake saya (lambar awon zagayen ƙasan ƙirji ce, harafin kuma girman mazaunin nono), don ita na sani tun ina amarya, kuma a kasuwa ba wurin gwaji. Ka ɗaga ka duba da ido, mai kaya namiji yana tsaye, kunya ta sa ka biya ka wuce.

Telata ce ta cece ni. Ta ce, "Maman Abba, kawo in auna ki." Ta zagaya tef a ƙasan ƙirji: inci 36. Sannan ta saman nono inda ya fi cika: 40. Bambancin inci 4 shi ne D, tunda kowane inci harafi ɗaya ne. Ashe 36D ce tawa!

A gwanjon Ƙofar Wambai na gane wani abu kuma: yawancin kayan Turai da santimita suke rubutawa, 36 ɗinmu ita ce 80. Na ɗauki biyu masu faɗin madauri, ina maƙala su a ƙugiyar farko, in roba ta saki sai in matsa ciki.