Abin da ke sa katun ɗinka karkarwa

Matasa da dama a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra hannunsu ya faɗa a zane. Amma da an jera hotunan a waya sun fara motsi, sai ka ga mutumin da aka zana yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sau da yawa laifin ba na hannu ba ne, takardun ne ba su zauna wuri ɗaya ba. Masu sana'ar sukan huda takardunsu, su soka su a ƙusoshin da aka kafa a allo. Kai ma nemi abin huda takarda na ofis, da katako mai ƙusa biyu, da gilashi da fitila a ƙasansa don ka riƙa hango zanen da ya gabata. Wayar ma a ɗaure ta, kada a riƙe a hannu.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne fara zane daga na ɗaya a bi a jere. Kafin a kai na ashirin, kan mutumin ya motse, ƙafafunsa sun yi tsawo. Fara da manyan zane: inda motsi ya tashi da inda ya tsaya. Sai na tsakiyarsu, sannan ka cike gurabe. Sa wa kowace takarda lamba.

A fim, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, amma yawanci akan ɗauki kowane zane sau biyu, don haka zane 12 sun wadatar. Rabon su ne aikin. Je ka tsaya inda ake dakan fufu, ka zuba wa taɓarya ido. Takan tashi a hankali, ta ɗan dakata a sama, sannan ta faɗo kamar ƙiftawar ido. To, zane shida ko bakwai su tafi wajen ɗagawa da dakatawar, suna matse da juna can sama. Biyu sun isa saukowar. In ka raba tazarar da ke tsakanin zane da zane daidai wa daida, taɓaryar za ta zama kamar auduga, ba nauyi ko kaɗan. Lura kuma da gwiwar hannun mai dakan, a lanƙwashe take bin hanyarta.

Kada ka yi saurin sa launi. Ɗauki zanen fensir ɗin a waya, ka kalla sau goma, ka gyara tukuna. Goge fensir abu ne na minti ɗaya, sake fenti kuwa sai ya cinye maka yini.