Yadda za ka gano mutum ɗaya mai akawun uku a rabon kyauta

In kana rabon data ko katin waya ko tallafin azumi ta WhatsApp da Facebook, to ka sani cikin sunaye 50 da aka turo maka ba lalle mutum 50 ne ba, wani shi kaɗai ya shigo sau uku, wata baiwar Allah da take da buƙata ta gaskiya ta rasa. Kuma abin ya yi sauƙi yanzu, tun 2023 WhatsApp ya yarda a sa lamba biyu a waya ɗaya, Facebook ma a shekarar ya ba da damar ƙara furofayil har huɗu, ga WhatsApp Business, ga su Tecno da Infinix masu kwafin manhaja.

Ka fara da kuɗi, don nan ne ƙarya take ƙarewa. Kar ka tura komai sai kowa ya ba da akawun ɗin banki mai sunansa. Lambar Opay da Palmpay yawanci lambar wayar mutum ce aka cire sifilin farko, to ka ɗauki lambar da kake zargi ka sa kamar za ka yi tiransifa, suna zai fito, sai ka fasa. In "Ummu Khairat" da "Ɗan Arewa" duk suna ɗaya suka fito da shi, ka samu bakin zaren. NIN ba zai taimake ka ba, mutum ɗaya yana iya rajistar layuka da yawa da nasa. Truecaller kuma sunan da wasu suka yi sabin yake nunawa, sai ka ga "Mai Kifi" kawai.

Sai rubutu, wanda a ganina ya fi hoto tona asiri nesa ba kusa ba. Mutum zai canja suna ya canja hoto amma hannunsa yana nan. Wani "xan" yake rubutawa maimakon zan, "qalau" da q, "nah" da "dah" a ƙarshen magana, wani kullum alamar tambaya uku yake jerawa, wani Basakkwace ne sai "mi" da "shina" su kufce masa a akawun ɗin da ya ce shi ɗan Kano ne. Ka ajiye saƙonnin biyu gefe da gefe ka karanta a nutse. Ka lura da lokaci kuma, wannan na yin shiru wancan ya bayyana, ba sa taɓa rubutu a tare, kuma kullum ɗayan ne farkon mai cewa "gaskiya ne malam" in ɗayan ya yi magana.

Hoton furofayil kuma ka sa shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga ko daga wani wuri aka ɗauko shi. Masu cewa a duba IP, wato lambar adireshin da waya ke hawa intanet da ita, su bari kawai, kamfanonin layi irin su MTN da Airtel suna haɗa jama'a da yawa kan IP ɗaya, kuma da ka kashe data ka kunna yana iya canjawa.

Amma don Allah a yi hattara da zargi. A gidajenmu waya ɗaya mutum nawa ke amfani da ita? Uwa ba ta da akawun ɗin banki sai ta ba da na ɗanta, ƙanwarsa ma shi za ta bayar, a ƙauye ma na mai POS ake bayarwa. Ga Abubakar Muhammad da Aisha Ibrahim da ba su ƙirguwa. Don haka alama ɗaya ba ta isa ba, ka haɗa biyu ko uku, sannan ka bi mutum ta firabet, ban da tozarta shi a guruf. Ka ce duka lambobin su turo saƙon murya da wata kalma da ka zaɓa a lokacin, ko ka haɗa su a kira ɗaya. Mai gaskiya nan take zai ce ai wayar yayana ce, ga shi ku gaisa.